Lissafin iyaka da aljabara a jarrabawar shiga makarantun injiniya

Lissafin iyaka, wanda littattafan makaranta na Faransanci ke kira limite, shi ne binciken lambar da wani adadi yake kusanta idan adadin da ya dogara da shi yana matsawa zuwa wani wuri, ko kuma yana ta ƙaruwa ba tsayawa. Ana koyar da shi a azuzuwa biyu na ƙarshe na lise ga ɗaliban sashen kimiyya, wato seri C, D da E, kuma da wuya a ga takardar lissafi ta bak ko ta konkur ɗin shiga makarantar injiniya da ba ta ƙunshe shi ba. Aljabara kuwa ita ce lissafin da ake yi da haruffa a madadin lambobi, ana warware su ana sake tsara su bisa ƙa'ida. Darussan biyu a haɗe suke. Mafi yawan tambayoyin iyaka ba a samun amsarsu sai an sake rubuta lissafin ta wata siga, wannan kuwa aikin aljabara ne. Ɗan takarar da hannunsa bai faɗa a aljabara ba, ko da ya haddace ƙa'idojin iyaka duka, maki na zube masa a hanya.

Makarantun da ake buƙatar wannan lissafi

A birnin Yamai akwai EMIG, makarantar da ke horar da injiniyoyi a fannin ma'adinai, masana'antu da binciken ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1963, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, masu hasashen yanayi da masu kula da na'urorin filin jirgi. Ban da su akwai sassan kimiyya da fasaha na jami'o'in gwamnati: Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa. Wasu ɗaliban kan nemi gurbi a waje, kamar 2iE ta Wagadugu, mai koyar da aikin ruwa, makamashi da muhalli, ko ESMT ta Dakar mai koyar da fasahar sadarwa, ko INP-HB ta Yamusukuro.

Wasu makarantun na ɗaukar ɗalibai ta hanyar konkur, wasu ta hanyar duba takardun makin ɗalibi, wasu kuma suna haɗa biyun. Konkur ya bambanta da bak ta fuska guda mai muhimmanci. A bak, duk wanda matsakaicin makinsa ya kai 10 bisa 20 ya ci. A konkur jera ƴan takara ake yi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a ɗauki adadin da makaranta ke da gurbinsu, a bar saura. Rabin maki na iya raba wanda aka ɗauka da wanda zai jira baɗi, bayan iyaye sun riga sun kashe kuɗin dosiye, na mota da na masauki.

Ma'anar iyaka

Fonksiyo ƙa'ida ce da ke karɓar lamba, wadda aka saba kira x, ta ba da wata lambar. A ɗauki f(x) = (x² − 4)/(x − 2). Idan aka sa 2 a wurin x, na sama ya zama sifili, na ƙasa ma sifili, ga shi kuwa ba a raba lamba da sifili. Amma ana iya matsowa kusa da 2 ba tare da an taka shi ba. Idan x ya zama 1,9 amsa ita ce 3,9. Idan ya zama 1,99 amsa 3,99. Daga ɗaya ɓangaren, 2,01 na ba da 4,01. Ta ko'ina aka matso, amsar tana kusantar 4. Sai a ce iyakar f idan x ya nufi 2 ita ce 4.

Wannan tunani na da amfani a zahiri. Idan aka saki dutse a bakin rijiya mai zurfi, nisan da ya faɗa cikin daƙiƙa t ya kai kimanin mita 5t², in aka yi watsi da turjiyar iska. Cikin daƙiƙa 3 ya yi mita 45. Mene ne gudunsa a daidai wannan lokacin? Ana auna nisan da ya ƙara cikin ɗan ƙanƙanin lokaci h, a raba da h. Lissafin shi ne (5(3 + h)² − 45)/h, wanda idan aka warware ya zama 30 + 5h. Yayin da h ke ƙanƙancewa zuwa sifili, amsar na kusantar 30. Gudun dutsen a wannan lokaci mita 30 ne a daƙiƙa. Abin da aka lissafa nan shi ake kira deribe, kuma kowace deribe iyaka ce.

Akwai kuma iyaka a anfini, wato inda x ke ta ƙaruwa ba ƙarshe. Alamarsa ∞. Anfini ba lamba ba ne, don haka ba a tara shi ko a ɗebe shi yadda ake yi da sauran lambobi. Manta wannan na daga cikin abubuwan da ke kayar da ɗalibai.

Taƙaitaccen tarihi

Kalmar aljabara ta fito ne daga sunan littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin halifa al-Ma'mun. Babban sashe na littafin ya shafi lissafin gado da wasiyya. Tunanin iyaka ma tsoho ne: Arkimidis, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kewaye da'ira da zane mai gefe 96 ciki da waje, ya nuna cewa lambar pi tana tsakanin 223/71 da 22/7.

René Descartes ne ya yaɗa amfani da haruffan x, y da z a 1637, John Wallis kuma ya kawo alamar ∞ a 1655. Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus suka gina lissafin deribe, kowa da hanyarsa, Leibniz ya wallafa nasa a 1684. Sai dai an daɗe ana aiki da iyaka ba tare da cikakkiyar ma'ana ba. Augustin-Louis Cauchy ne ya ɗora darasin a kan ginshiƙi mai ƙwari a littafinsa na 1821, wanda ya rubuta domin ɗaliban Polytechnique, makarantar injiniya ta birnin Paris. Daga baya Karl Weierstrass a Berlin ya kammala ma'anar da ake koyarwa a jami'o'i yau. Ke nan alaƙar wannan darasi da horar da injiniyoyi ta kai shekaru 200.

Mataki na farko: a sa lambar a gani

Kowace tambayar iyaka ana fara ta ne da sa lambar a wurin x. Abu uku ke iya fitowa.

Na farko, a samu lamba sosai. Iyakar (x + 1)/(x + 2) idan x ya nufi sifili ita ce 1/2, an gama.

Na biyu, na ƙasa ya zama sifili amma na sama bai zama ba. A nan amsar anfini ce, saura a gano alamarta. A misalin 1/(x − 1), idan x ya matso 1 daga sama, kamar 1,01, amsar na tafiya +∞. Idan ya matso daga ƙasa, kamar 0,99, tana tafiya −∞. Dole a rubuta ɓangarorin biyu dabam-dabam, kuma teburin alamomi ne ke nuna wanda ke sama da sifili da wanda ke ƙasa.

Na uku, a faɗa cikin ɗaya daga sigogin da ba su yanke hukunci ba, waɗanda ake kira formes indéterminées. A lise guda huɗu ake koyarwa: 0/0, ∞/∞, ∞ − ∞ da 0 × ∞. A matakin jami'a ana ƙara wasu, kamar 1 mai ƙarfin anfini. Wanda ya rubuta 0/0 = 1 ko ∞ − ∞ = 0 ya yi kuskure. Ma'anar waɗannan sigogi ita ce amsar tana iya zama kowace lamba, ko anfini, ko ma babu iyakar gaba ɗaya, kuma sai an sake rubuta lissafin za a sani. Hanyoyin sake rubutun ba su da yawa, kowace kuma tana da alamar da ake gane ta da ita.

Hanya ta ɗaya: fitar da abin da na sama da na ƙasa suka haɗa

Idan na sama da na ƙasa duka polinom ne, kuma duka sun zama sifili a x = a, to kowanensu yana ɗauke da (x − a) a cikinsa. Aikin shi ne a fito da shi a soke. Wannan ita ce faktorizasiyo.

Misali: (x² − 5x + 6)/(x² − 9) idan x ya nufi 3. Na sama yana zama sifili a 2 da 3, don haka daidai yake da (x − 2)(x − 3). Na ƙasa kuwa (x − 3)(x + 3) ne. Bayan an soke (x − 3) saura (x − 2)/(x + 3), wanda ke ba da 1/6.

Wannan hanya na buƙatar ɗalibi ya riƙe ƙa'idoji kaɗan kamar sunansa: a² − b² = (a − b)(a + b), da (a + b)² = a² + 2ab + b², da a³ − b³ = (a − b)(a² + ab + b²). Da ta ƙarshen, (x³ − 8)/(x − 2) na komawa x² + 2x + 4, iyakarsa a 2 kuwa 12 ce.

Masu shirya konkur kan juya tambayar. Sai a ce: a nemo a yadda (x² + ax − 6)/(x − 2) zai samu iyaka mai lamba idan x ya nufi 2. Tun da na ƙasa na zama sifili, dole na sama ma ya zama sifili, in ba haka ba amsar anfini ce. Ke nan 4 + 2a − 6 = 0, wato a = 1. Na sama ya zama (x − 2)(x + 3), iyakar kuwa 5.

Hanya ta biyu: ninkawa da abokin tushe

Idan akwai alamar tushe √, wadda ɗalibai ke kira rasin, kuma akwai ɗebewa, ana ninka sama da ƙasa da lissafi iri ɗaya amma mai alamar tarawa. Shi ake kira expression conjuguée. Dalili shi ne (a − b)(a + b) na ba da a² − b², tushen sai ya ɓace.

Misali: (√(x + 4) − 2)/x idan x ya nufi sifili. An ninka sama da ƙasa da √(x + 4) + 2. Na sama ya zama (x + 4) − 4, wato x. An soke x, saura 1/(√(x + 4) + 2), wanda ke ba da 1/4.

Misali na biyu ya fi kama mutane: √(x² + 6x) − x idan x ya nufi +∞. Da yawa kan ce sifili, wai don ɓangarorin biyu kusan ɗaya suke. Bayan ninkawa da abokin tushe, lissafin ya zama 6x/(√(x² + 6x) + x). An raba sama da ƙasa da x, an samu 6/(√(1 + 6/x) + 1), wanda ke kusantar 6/2, wato 3. Wanda ya gwada x = 1000 zai samu kimanin 2,996.

Hanya ta uku: bin mafi ƙarfi a anfini

Idan x na tafiya anfini, a cikin polinom ɓangaren da ya fi daraja shi ke rinjaye. A misalin (3x² − 5x + 1)/(2x² + 7), an fitar da x² sama da ƙasa an soke, sauran ƙananan ɓangarori kamar 5/x da 7/x² suna tafiya sifili, amsa 3/2. Ƙa'idar a taƙaice: idan darajar na sama ta fi, amsa anfini ce. Idan ta na ƙasa ta fi, amsa sifili ce. Idan daidai suke, a raba lambobin da ke gaban manyan ɓangarorin. Wannan ƙa'ida a anfini kaɗai take aiki, ba a amfani da ita idan x na nufar wata lamba.

Akwai tarko a −∞. Tushen x² ba x ba ne ko da yaushe: idan x na ƙasa da sifili, √(x²) daidai yake da −x. Saboda haka iyakar √(x² + 1)/x ita ce 1 a +∞, amma −1 a −∞.

Tsakanin fonksiyo iri dabam-dabam ma akwai jerin ƙarfi, wanda ake kira croissances comparées. Eksponansiyel eˣ ya fi kowane ƙarfin x saurin girma, logaritim ln x kuma ya fi kowa nawa. A x = 10, x³ na ba da 1000 amma eˣ ya haura 22 000. Shi kuwa ln na miliyan ɗaya kimanin 13,8 ne kawai. Daga nan ake samun cewa eˣ/xⁿ na tafiya +∞, ln x/x na tafiya sifili a +∞, x ln x kuma na tafiya sifili idan x ya matso sifili daga sama.

Raba polinom da polinom na taimakawa wajen gano layin da zanen fonksiyo ke bi a nesa, wato asimtot. Misali, (x² + x + 1)/(x − 1) daidai yake da x + 2 + 3/(x − 1). Tun da 3/(x − 1) na tafiya sifili a anfini, zanen yana manne wa miƙaƙƙen layi y = x + 2.

Hanya ta huɗu: iyakokin da aka riga aka sani

Akwai iyakoki kaɗan da ake haddacewa, ana komar da sauran tambayoyi gare su. Idan x ya nufi sifili, sin x/x na ba da 1, muddin an auna kusurwa da radiyan. Haka (eˣ − 1)/x da ln(1 + x)/x duka 1 suke bayarwa, (1 − cos x)/x² kuma 1/2.

Dabarar ita ce a sa abin da ke cikin sin ya yi daidai da na ƙasa. Domin sin(5x)/(2x), sai a rubuta shi (5/2) × sin(5x)/(5x). Ɓangare na biyu na tafiya 1, amsa 5/2.

Wata sananniya ita ce (1 + 1/n)ⁿ idan n na ta ƙaruwa. Ido na cewa 1, tun da abin da ke cikin baka yana kusantar 1. Amma n = 10 na ba da 2,594, n = 100 na ba da 2,705, n = 1000 na ba da 2,717. Iyakar ita ce lambar e, kimanin 2,718. Duk tambaya mai wannan siga ana bi da ita ta logaritim: (1 + 3/x)ˣ daidai yake da e mai ƙarfin x ln(1 + 3/x), wannan ƙarfin kuwa na kusantar 3, don haka amsa e³, kimanin 20,09.

Ƙa'idar jandarmomi

Littattafan Faransanci na kiran ta théorème des gendarmes, saboda hoton mutumin da jandarmomi biyu suka sa a tsakiya: inda suka nufa, nan zai je. Idan fonksiyo tana tsakanin wasu biyu da ke da iyaka ɗaya, ita ma iyakarta ke nan. Ana amfani da ita musamman ga sin da cos a anfini, domin ba su da iyaka a can, kai da komo kawai suke yi tsakanin −1 da 1. Misali, sin x/x yana tsakanin −1/x da 1/x idan x na sama da sifili. Duka biyun na tafiya sifili a +∞, shi ma haka.

Ƙa'idar L'Hôpital da haɗarinta

Wannan ƙa'ida ta fito a littafin Guillaume de L'Hôpital na 1696, ko da yake malaminsa Johann Bernoulli ne ya gano ta. Idan aka samu 0/0 ko ∞/∞, ana ɗaukar deribe ta na sama dabam, ta na ƙasa dabam, a duba iyakar sabon rabon. A misalin (eˣ − 1 − x)/x² a sifili, yi na farko ya ba da (eˣ − 1)/(2x), wanda ke kusantar 1/2.

Saurinta ne ke sa ɗalibai son ta, amma tana da sharuɗɗa. Idan ba 0/0 ko ∞/∞ ba ne, amsar ƙarya take bayarwa: (x + 1)/(x + 2) a sifili 1/2 ne, amma rabon deribe na ba da 1. Wani lokaci kuma ba ta kai ko'ina. Ga (x + sin x)/x a +∞, rabon deribe shi ne 1 + cos x, wanda ba shi da iyaka, alhali ainihin lissafin daidai yake da 1 + sin x/x, iyakarsa 1. Inda ake son a rubuta hujja dalla-dalla, ya fi aminci a koma ga ma'anar deribe kanta. Misali, ln x/(x − 1) idan x ya nufi 1 shi ne deribe ta ln a kan 1, wato 1.

Iyakar jerin lambobi

Jerin lambobi, wato suite, shi ma yana da iyaka. A ɗauki jerin da kowace lamba ke zama rabin ta baya a ƙara 3, an fara da sifili: 3, sai 4,5, sai 5,25, sai 5,625. Idan yana da iyaka L, dole L = L/2 + 3, wato L = 6. Amma sai an fara nuna cewa iyakar tana nan, misali ta nuna cewa jerin yana hawa kuma ba ya wuce 6. In ba haka ba ana iya yaudaruwa. Jerin da kowace lamba ke zama ninki biyu na ta baya a ɗebe 1, an fara da 2, yana ba da 3, 5, 9, 17, yana tafiya anfini, ko da yake lissafin L = 2L − 1 na ba da L = 1.

Aljabarar da ake tambaya ita kaɗai

Ekwasiyo mai daraja ta biyu, ax² + bx + c = 0, ita ce uwar darasin. Ana lissafa delta, wato b² − 4ac. Idan delta na sama da sifili amsoshi biyu ne, idan sifili ce amsa ɗaya, idan tana ƙasa da sifili babu amsa cikin lambobin da aka saba, sai cikin lambobin kwampleks. Jimillar amsoshin biyu ita ce −b/a, ninkinsu kuma c/a, kuma wannan na rage aiki sosai. A ce fili mai kusurwa huɗu a miƙe, kewayensa mita 70, faɗin ƙasarsa murabba'in mita 300. Tsawo da faɗi idan aka tara su 35 ne, idan aka ninka su 300. Ke nan su ne amsoshin t² − 35t + 300 = 0. Delta 25 ce, amsoshi 20 da 15.

Kurakuran da ke cin maki

Kurakuran da aka fi yi ƙanana ne, kuma tun daga kolej ake tahowa da su. (a + b)² ba a² + b² ba ne: (3 + 4)² na ba da 49, amma 9 da 16 na ba da 25. Tushen 9 + 16 shi ne 5, ba 7 ba. Alamar ɗebewa a gaban baka tana juya duk abin da ke ciki: −(x − 3) shi ne −x + 3. Ba a soke lamba a cikin tarawa: (x + 2)/2 ba x + 1 ba ne. Haka ln(a + b) ba ln a + ln b ba ne, ninki ne logaritim ke mayarwa tarawa.

Wanda ya raba ɓangarorin x² = 5x da x ya samu 5, amma ya zubar da amsa ta biyu, wato sifili. Wanda ya ninka ɓangarorin √(x + 2) = x da kansu zai samu 2 da −1, amma −1 baƙuwa ce, domin tushe ba ya zama ƙasa da sifili. Wanda kuma ya ninka rashin daidaito da lambar da ke ƙasa da sifili, dole ya juya alamar: −2x < 6 na nufin x > −3.

Amfaninsa a aikin injiniya

Makarantu na nacewa a kan wannan darasi ne domin aikin kansa cike yake da shi. A lantarki, idan ana cajin kondansate daga tushen wuta mai ƙarfin E, ƙarfin da ke cikinsa na bin E(1 − e^(−t/τ)), inda τ ke nufin lokacin da ya keɓanta da wannan haɗin wayoyi. A lokaci τ ya kai kashi 63 cikin 100, a 5τ ya haura kashi 99, iyakarsa kuma E. Idan aka haɗa rezistans biyu a jere gefe da gefe, jimillarsu R₁R₂/(R₁ + R₂) ce. Idan R₂ ta yi girma ƙwarai, kamar an yanke wayarta, jimillar na kusantar R₁, kuma hanyar bin mafi ƙarfi ce ke nuna hakan. Mai ginin gada, mai lissafin gudun ruwa a bututu da mai kafa faifan hasken rana duka da deribe da antegiral suke aiki, su biyun kuwa a kan iyaka aka gina su.

Yadda ake shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shiri mai amfani na farawa ne da gyaran aljabara: warware baka, faktorizasiyo, tara kason da na ƙasansu ya bambanta, ƙa'idojin ƙarfi da na logaritim, har hannu ya saba. Bayan haka a ɗauki hanyoyin iyaka ɗaya bayan ɗaya, a yi atisaye da yawa a kan kowace, sannan a gauraya su, domin a ɗakin jarrabawa ba wanda zai faɗa wa ɗan takara hanyar da zai bi.

Kundin tsofaffin jarrabawowi, wato annales, na nuna irin tambayoyin da kowace makaranta ta saba yi. Ana yin su da agogo, littafi a rufe, sannan a duba gyara. Karanta gyara ba tare da an gwada ba na sa mutum ya ɗauka ya iya. Yana da kyau a ware ƙaramin littafi na kurakurai, a rubuta kowane kuskure da dalilinsa, a riƙa komawa gare shi. Aiki cikin ƙungiyar mutum uku ko huɗu ma na taimakawa, domin wanda ya bayyana wa abokinsa hanya a kan allo shi ke fara gane inda ya yi rauni. Tun da ba kowace jarrabawa ke yarda da na'urar lissafi ba, gara a saba da lissafin hannu, a kuma karanta sanarwar konkur ɗin da kyau domin sanin matakin karatun da ake nema, darussan da za a yi da nauyin kowane.

A ranar jarrabawa, tsarin kowace tambayar iyaka guda ne. A sa lambar a gani. A rubuta sigar da ta fito. A zaɓi hanya bisa alamar da ke cikin tambayar: polinom, tushe, anfini, sin ko logaritim. A rubuta matakai a fili, domin mai gyaran takarda na ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Daga ƙarshe a gwada amsar a takardar gwaji da lamba mai sauƙi, kamar 0,01 idan x na nufar sifili ko 1000 idan yana nufar anfini. Wannan gwaji ba ya cin minti ɗaya, kuma shi ke kama kuskuren alama kafin a miƙa takarda.